Na Ƙi Shan Ruwan Dada

Wallahi tallahi ni Kausar ban taɓa raina ruwan gidan kowa ba. Da rantsuwa na fara muku yau, don maganar ta daɗe tana cin raina, kuma Mama ta hana ni faɗa wa kowa. To ku dai ba ku san fuskata ba, ku zan faɗa wa.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: 'yar New Bell ce ni, nan Douala, gaba da baya, a nan aka haifi kakata ma. Ina shekara ta biyar a karatun likita. Wanda nake so kuma sunansa Badamasi, kada wadda ta yi dariya, ni ma da farko na yi. Ɗan Gusau ne, yana sayar da atamfa a kasuwar Marché Congo, a wayata ma "Mai Atamfa" na sa masa. Ya ga Baba, an yi bincike, kowa ya yaba. Abu ɗaya ya rage: mahaifiyarsa, Dada, ta ce ɗanta ba zai auri 'yar Kamaru ba sai ta zo ta gani da idonta. Ta kuwa zo.

Kafin in kai ku gabanta, sai kun san yadda muke da ruwa, mu 'yan karatun likita. Mu ne za mu tsaya a kan mara lafiya mu ɗaure fuska mu ce, "Buvez beaucoup d'eau, Baba, ka riƙa shan ruwa da yawa," alhali namu leɓen ya bushe kamar kilishi. A asibitin da nake stage, wato koyon aiki, banɗakin ɗalibai ɗaya ne tal, maza da mata. Ƙofar ba sakata, famfon ya manta rabonsa da ɗigo. Na ma'aikata kuwa makullinsa na aljihun babbar nas, in kin roƙa sai ta dube ki sama da ƙasa kamar gadon ubanta kika nema. Ke kuma ga abaya, ga farar riga a sama, ga dogon wando a ciki, sannan da me za ki yi tsarki? Shi ya sa kowace ta samo dabara iri ɗaya ba tare da an koya mata ba: kurɓi biyu na shayi da safe, shi ke nan sai an dawo gida. Ba a sha ba, ba a nemi inda za a kai ba. Cikin zafin Douala fa, wanda gumi ke bin bayanki kina tsaye. Ƙawata Khaulat, Bafulatanar Garoua mai bakin tsiya, ita ta raɗa masa suna azumin da ba lada.

Ranar da zan je gaida Dada, na saɓa jaka zan fita sai Mama ta tare ƙofa da kwanon sha cike fal.

"Zauna."

"Mama, na makara."

"Zauna na ce. Rubutun farin jini ne, tun jiya na karɓo. Ki yi bismillah ki shanye."

"Duka? Mama wannan ai na mutum uku ne."

"Ke za a je gani ko mutum uku?"

Na kafa kai ina sha tana tsaye a kaina, sai da ta ga gindin kwanon. Ta miƙo min leda, leshina ne ruwan zuma da mayafinsa, an goge an turara, wai ko da ban samu dawowa gida ba. Kamar bakinta ne ya ja.

Tun kafin azahar na fara jin rubutun nan ya sauka. Na leƙa banɗaki, na dawo da baya da gudu. An yi ruwan sama da safe, ramin ya tumbatsa har bakin ƙofa. Babbar nas ta fita da makulli. Na ce ba komai, ana tashi zan ruga gida. Ina! Ranar malamin namu ya ga damar zagaye, gado bayan gado, ya tsaya a kan wani tsoho yana ta zuba bayani kamar wa'azin Juma'a. Wayata sai kaɗawa take a aljihu, Mai Atamfa ne.

"Dakta kin taso?"

"Dada tun ɗazu take zaune ta ƙi cin abinci."

"Ina bakin asibitinku."

Na ce masa in fara biyawa gida. Ya rubuto, "Don Allah kada ki min haka, la'asar ta wuce." A bayan labulen ɗakin ɗalibai na zura leshin, Khaulat ta ɗaura min ɗankwali tana cewa na yi kyau, ni kuwa ko madubi ban iya kallo ba. Muka hau benskin biyu, wato acaɓa, shi a gaba ni a baya. Duk wadda ta san hanyar Bépanda bayan ruwa, ta san abin da na gani. Kowane rami sai na ce innalillahi.

Gidan da yake haya irin mai tsakar gida ɗaya ne. Muna shiga idona ya fara neman abin da yake nema, na kuwa hango shi can ƙurya, da buta a bakinsa. Sai dai a daidai ƙofar abokan kasuwarsa sun baje tabarma suna dafa shayi. Suka ɗago gaba ɗaya, "Amarya! Sannu da zuwa amarya!" Na sunkuyar da kai na wuce. Ku faɗa min tsakani da Allah, wace ce a cikinku za ta je gidan surukai ranar farko, ta tsallake maza ta ɗauki buta?

Dada na zaune a kan darduma, 'yar siririyar tsohuwa, lalle ja a tafin hannunta, farin mayafi har ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta. Durƙuson nan kaɗai Allah ya san yadda na yi shi.

"Lale, lale da ɗiyata. Matso nan kusa in gan ki. Kai, Badamasi bai yi ƙarya ba."

Da ta tsaya nan da na tsira. Sai ta jawo wani ɗan tulu daga bayanta, an rufe bakinsa da faifai.

"Kin ga wannan? A cinyata na riƙo shi tun daga gida, mota bayan mota, don an ce min ruwan garinku warin roba yake. Na turara shi, na jefa saiwar jema. Ba wanda na bari ya taɓa. Na ce ɗiyata za ta fara."

Ta fara tsiyayawa a moɗa. A hankali. Ƙarar nan, jama'a, tsulululu, kamar da gangan. Na datse haƙora, na matse ƙafafuna, gumi ya karyo min. Ƙamshin jema ya cika ɗakin, maƙogwarona a bushe ƙamas, ina son ruwan nan kamar in yi kuka. Amma na san jikina. Na san in sanyin nan ya taɓa haƙorina, to a kan dardumar Dada za a yi abin kunyar da har jikokina sai an ba su labari.

Ta miƙo da hannu biyu.

"Alhamdulillahi Dada, na ƙoshi."

"Ana ƙoshi da ruwa? Ko kurɓi ɗaya, ɗiyata."

"A'a wallahi... merci."

Merci! Ni Kausar, godiya da Faransanci a gaban tsohuwar Gusau. Na san za ku ce ai da na karɓa na kai baki kawai. Ni ma yanzu na sani. A lokacin hannuwana biyu suna dafe da cinyata, in na ɗaga ɗaya ban san abin da zai biyo baya ba. Hannunta ya daɗe a miƙe. Har yau in na rufe ido hannun nan nake gani. Daga baya ta sauke moɗar a hankali ta rufe da faifai.

Sauran zaman ba sai na faɗa ba. Na ɗosana a gefen tabarma, fuska a yamutse, ina satar kallon ƙofa. Ta tambayi Mama, na ce lafiya. Ta tambayi karatu, na ce lafiya. Ta turo min dambun naman da ta yo da hannunta, na ce sai an jima. Da na ji abin ya kai maƙura na miƙe na ce ana jirana a asibiti. Ko rakiyar Badamasi ban tsaya ba. Ɗakin Khaulat na nufa a Ndogbong, na bangaje ta a bakin ƙofa.

Da na fito na zauna a katifarta, sai hankalina ya dawo, na gane abin da na aikata. Saƙonsa ya riga ya shigo.

"Me na yi miki da zafi haka?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Mutumin da ko tuwo ban taɓa ci a gabansa ba, in ce masa me? Na tura, "Ba ni da lafiya ne."

"Mara lafiya ai shi ya fi son ruwa."

Can kuma: "Dada ta ce ba laifinki ba ne. Ta ce ke likita ce, ƙila kin hango ƙwayar cuta a moɗarta da mu ba mu gani."

Can kuma: "Ta ƙi shan ruwan ita ma. Ta ce in zubar."

Nan na fashe da kuka. Khaulat ta karɓe wayar ta karanta, ta ce, "Mais dis-lui! Ki gaya masa fitsari ne, shi ba ya yi ne?" Na ce ta rufa min asiri.

Mama kuwa ban gama bayani ba ta ɗora hannu a ka.

"Kin kashe ni, Kausar. Dama mutanen Najeriya cewa suke mun zama Faransawa, ba mu san girman baƙo ba, ba mu san na gaba ba. Kin je kin sa musu hannu."

"Mama rubutunki ne fa..."

"Rufe min baki! Rubutun ne ya ce ki ce merci?"

"To in kira shi in faɗa masa gaskiya?"

Ta juyo da sauri har ɗankwalinta ya zame. "Ki faɗa wa wa? Namijin da zai aure ki? Ya je ya faɗa wa uwarsa, ta kai Gusau, a riƙa nuna ki ana ga amaryar da fitsari ya koro? Kada bakinki ya kuskura. Ranar Juma'a zan yi girki mu je tare, ki durƙusa ki ce kuskure ne. Ko tulun ta ba ki, ki shanye."

Daga ranar saƙon Mai Atamfa ya koma "Ina kwana" da "Sai da safe." Ba Dakta, ba tsokana, ba hoton sabuwar atamfa yana tambaya ko ta yi min. Ni kuma na ci gaba da zuwa asibiti da azumina na banza, har na fi da, don yanzu ko ganin kofi na yi sai gabana ya faɗi. Na fara jin zafi in na zaga, na share. Bayana ya fara ciwo ta gefen dama, na ce tsayuwa ce. Ni da zan iya zayyana muku alamomin nan ko daga barci aka tashe ni.

Juma'ar ba ta same ni a tsaye ba. Ranar Alhamis muna tsakiyar zagaye sanyi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa, na ga gadajen suna juyawa. Na farka a kan ɗaya daga cikinsu, da ƙarin ruwa a hannuna. Cutar fitsari ce, ta hau har ƙoda. Likitan da ya duba ni ya girgiza kai ya ce, "Future médecin! Likitar gobe! Ba kya jin kunya?" Ina kallon nasa leɓen, shi ma a tsattsage.

Khaulat ce ta kira Badamasi ba da sanina ba. Washegari bayan an sauko daga masallaci, ina kwance da tsohuwar rigar barci, kaina ba ɗankwalin kirki, Mama na min fifita, sai na ji sallama. Shi ne a gaba da ledar lemo. Dada a bayansa.

Na yunƙura zan tashi, ta ce, "Kwanta." Suka gaisa da Mama, irin gaisuwar nan mai tsawo wadda ba wanda ke kallon idon wani. Ta zauna a kujerar roba ta zuba wa robar ƙarin ruwan ido.

"Mi ya same ta?"

Mama ta yi caraf, "Zazzaɓi ne Hajiya, na sauro."

Khaulat na tsaye tana gyara allurar hannuna. Na ga bakinta ya motsa, na ƙifta mata ido, na harare ta, na taɓa ta da ƙafa. A banza.

"Ba sauro ba ne, Dada. Ƙishirwa ce. Ba ta shan ruwa tun safe har dare don ba inda za ta zaga. Dukanmu haka muke. Ranar da ta je wurinki ma tun safe take riƙe da fitsari, da ta sha ruwanki da a tabarmarki za ta yi. Ni ta zo ta kusa karya wa ƙofa."

Mama ta daskare da mafici a hannu. Badamasi ya juya yana karanta wata takarda a bango kamar an aiko shi karantawa. Ni kuwa na ja zani na rufe fuskata, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ta cikin zanin na ji muryar Dada. "Ke yarinya. Kai ni in ga wurin."

"Dada ba wurin zuwanki ba ne," in ji Khaulat.

"Kai ni na ce."

Suka fita. Mama ta sunkuyo ta ce a kunnena, "In na sake ganin Bafulatanar nan a gidana sai na karya mata ƙafa." Amma na ji muryarta ta saki. Ni ma, kada in ɓoye muku, ƙarƙashin kunyar wani sanyi ya fara ratsa ni. Na ce shi ke nan, ta ji gaskiya, ta san ban raina ta ba. Har na fara tunanin kalar atamfar da za mu fitar anko.

Da suka dawo, Dada ta toshe hanci da bakin mayafi, gefen zaninta a tattare. Ba ta koma kujera ba. A bakin gadona ta zauna, ta yaye zanin daga fuskata da kanta. Idonta ya yi ja, hawaye na bin ramukan kumatunta.

"Wayyo ɗiyata. Wayyo ɗiyar mutane. Ashe haka kike? Ni ina can ina zaginki a zuci, ashe ke azaba kike sha. Ki yafe min."

"Dada ni ce zan..."

"Yi shiru. Ba ki yi min komai ba. Kunya kika yi, kuma kunyar nan ita nake nema wa ɗana. Na yarda da ke, duniya da lahira."

Mama ta ce, "Alhamdulillahi! Allah ya saka da alheri, Hajiya." Badamasi ya juyo, karon farko ya dube ni, yana murmushi. Na kama hannun Dada ina kuka ina dariya.

Ta shafa kaina. "Amma kin gama zuwa nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ko akuyata ba na ɗaurewa a wurin da na gani yanzu. Shekara biyar kina ƙona cikinki. Yau ƙoda, gobe mi? Mahaifa? A'a. Ba da ni ba. In an sallame ki ki koma gida ki yi jinya, a ɗaura aure, ki zauna ɗakinki ki sha ruwa ki ƙoshi. Matar Badamasi ba ta kwana da ƙishi."

"Dada saura kaɗan in gama. Wallahi zan gyara. Zan riƙa zuwa da gora, zan riƙa sha..."

"Ki sha ki kai shi ina?"

Na dubi Khaulat, sarkin magana, ta sunkuyar da kai. Na dubi Mama, wadda duk New Bell ba wanda bai ji "'yata likita" daga bakinta ba. Ita ma robar ƙarin ruwan take kallo, tana share ido da gefen mayafi.

"Ba da faɗa na ce ba, ɗiyata," in ji Dada. "Don ina son ki ne. Da ban son ki, sai in ce ki ci gaba. Jibi zan kama hanya. In kin amince, in tafi da albishir. In karatun kika zaɓa, ba na jin haushinki, sai dai ba da yawuna za a kawo ki gidana in zuba ido kina kashe kanki ba."

Ta tofa min addu'a, ta gyara min zani har wuya, suka fita. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da zagina ta yi, da na san abin da zan ce. Da cewa ta yi boko haramun ne ga mace, da Baba da kansa zai tashi ya amsa mata.

Na jawo waya. Na san Badamasi, ya sha gaya min yana alfahari da ni, shi ya fara kirana Dakta tun ban san riƙe allura ba. Na rubuta, "Ka yi mata magana don Allah. Kai ka san abin da karatun nan yake a wurina."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi:

"Bayan mun fito na ce Khaulat ta nuna min ni ma. Kausar, da ƙanwata ce ke, yau ɗin nan zan ɗauke ki daga wurin nan. Ban iya ce wa Dada ta yi kuskure ba, don ba ta yi ba."

Ina nan kwance, ruwa na shiga jijiyata ɗigo ɗigo, na karanta saƙon nan har na haddace, ban samu ƙarya ko ɗaya a ciki da zan kama ba. 'Yan uwa, ku da kuke da bakin magana, ku ara min. Matar da ta zauna a bakin gadona ta yi kuka saboda ni, da wane baki zan ce mata a'a?